Mannewar kayan ciki bayan tiyatar endometiriyosis: nazarin lamarin wata mai shekara 31

Malamar firamare ce, shekararta shida da aure, ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Na sauya wasu bayanai don kada a gane ta, amma abin da ya shafi jinya na bar shi yadda yake. Ta zo asibitin mata da ciwon mara mai kwantar da ita kwana biyu zuwa uku duk wata, da zafi can ciki lokacin kwanciyar aure, da zafin bayan gida a kwanakin al'ada. Tun tana sakandare take fama da ciwon marar. A gida an ce in ta yi aure zai tafi, da aka yi auren kuma aka ce sai ta haihu. A tsakani ta sha maganin sanyi ba adadi, daga wannan kemis zuwa wancan, allura da ƙwaya, alhali ba a taɓa samun ƙwayar cuta a gwajinta ba.

Shekara uku kafin zuwanta an yi mata tiyata a wani asibitin kuɗi. An yanka ƙasan mara irin yankan mai haihuwa, aka ce an cire ƙari a gidan ƙwai na hagu. Ba a ba ta takardar abin da aka gani ba, ba a kuma kai abin da aka cire ɗakin gwaji ba. Ta samu sauƙi na wasu watanni, sai ciwon ya dawo, ya kuma taho da wani sabo: wani ja da take ji a gefen hagu in ta miƙe da sauri ko ta juya a kan gado, ko da ba ta al'ada.

Da aka duba ta, mahaifa ta karkata baya, ba ta motsi. Sikanin ta gaba ya nuna ƙullutu mai santimita 6 a gidan ƙwai na hagu da wani mai santimita 2 da rabi a na dama, dukansu cike da tsohon jini, kuma gidajen ƙwan biyu sun faɗa bayan mahaifa suna taɓa juna. Akwai wani gwaji mai sauƙi da ake yi da kan na'urar sikanin: a ɗan tura mahaifa a ga ko za ta zame a kan hanjin da ke bayanta. Tata ba ta zame ba, tare suka tafi da hanjin, alamar sun manne. Gwajin AMH, wanda ke nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace, ya fito ƙasa da abin da ake so ga mai shekarunta. Gwajin maniyyin mijin lafiya lau.

Duk wannan ya nuna endometiriyosis mai tsanani, wato tsirowar wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajen mahaifa, inda yake kumbura yana tsattsafar da jini duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, kimanin mata miliyan 190. An daɗe ana koyar da cewa ciwon matan Turawa ne masu hali, kuma wannan koyarwa ta cuci matanmu ƙwarai. Wani bincike da aka yi a Ibadan aka wallafa a 2015 ya same shi a kusan rabin matan da aka leƙa cikinsu da kyamara.

Me ke sa kayan ciki su manne

Duk wadda ta taɓa wanke kayan cikin ragon layya ta san wannan tantani mai sheƙi da santsi da ya lulluɓe hanji da tumbi, wanda ke sa su sulluɓe a hannu. Irinsa ne a cikin mutum, ya lulluɓe hanji da mahaifa da bangon ciki, shi ya sa suke zamewa a kan juna ba tare da mun ji ba. In aka yanke shi, ko aka ƙona, ko aka goge da ƙyalle, ko ya bushe, wurin yakan tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi da ake kira fibirin, wanda shi ne kuma ke daskarar da jini. Cikin sa'o'i kaɗan fibirin yake haɗa wuraren da suka ji rauni da duk abin da ke kwance kusa da su. Jiki yana da nasa sinadarin da ke narkar da fibirin, kuma in komai ya tafi daidai zai share shi cikin kwana uku ko makamancin haka, sabon tantani ya rufe wurin cikin kwana biyar zuwa bakwai. Amma inda nama ya ƙone, ko jini bai isa gare shi ba, ko kumburi ya yi yawa, sinadarin nan yana rauni. Sai ƙwayoyin da ke saƙa tabo su shiga cikin fibirin su mayar da shi zare na dindindin, wani lokaci har da jijiyoyin jini da na jin zafi a cikinsa.

Ke nan a makon farko ake yanke hukunci. Duk abin da za a yi don hana mannewa, ko dai a yi shi a ɗakin tiyata, ko ya zama abin da zai raba wuraren da suka ji rauni na waɗannan kwanaki. Mai endometiriyosis kuma tana shiga tiyata da cikin da ya riga ya kumbura, don haka nata haɗarin ya fi na sauran mata.

Tiyatar kyamara, wadda ake kira lafaroskofi, tana rage matsalar amma ba ta kawar da ita. A Sikotilan an bi diddigin mutum 29,790 da aka buɗe wa ciki a 1986, aka samu kusan kashi 35 cikin ɗari sun sake kwanciya asibiti cikin shekara goma saboda abin da ke da alaƙa da mannewa ko ake zaton yana da ita, ko kuma don wata tiyatar ciki da mannewa ke iya wahalarwa. Da aka sake irin wannan bincike aka wallafa a 2020, an ga waɗanda suka koma asibiti cikin shekara biyar saboda mannewa kai tsaye sun kai kashi 4.3 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka buɗe wa ciki, kashi 1.7 a tsakanin waɗanda aka yi wa ta kyamara. Ƙaramin huji yana kare bangon ciki, amma raunin da aka yi a kan gidan ƙwai da bayan mahaifa yana nan ko ta ina aka shiga.

Zaman da aka yi kafin tiyata

Mijin ya zo da wayarsa a hannu, ya riga ya yi bincike a intanet. Ya ce, "Likita, na ga akwai wani mai da ake zubawa a ciki ya hana mannewa. Ko nawa ne zan saya, ni dai kada a sake yin irin na baya." Na fahimci damuwarsa, kuma ba na ganin laifin mutumin da ke neman abin da kuɗi za su iya saya wa matarsa. Sai dai dole a faɗa masa gaskiyar abin da waɗannan kayayyaki suke iya yi.

Akwai Interceed, wani ɗan ƙyalle mai laushi da aka yi da sinadarin tsiro, ana shimfiɗa shi a kan rauni, ya zama kamar mai, jiki ya shanye shi cikin kimanin mako huɗu. Akwai Seprafilm, mai kama da siririyar leda, amma yana karyewa yana kuma manne wa duk abin da ya taɓa mai laima, don haka tura shi ta ƙaramin bututun da ake sa kayan aiki a tiyatar kyamara aiki ne. Akwai Adept, ruwa ne da ake barin lita ɗaya a ciki, ya kan yi kwana uku zuwa huɗu kayan ciki suna iyo a cikinsa. Akwai kuma masu kauri irin Hyalobarrier da ake shafawa. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a ƙa'idojinta na 2013 ta ce ana iya amfani da irin Interceed a tiyatar endometiriyosis domin yana rage mannewa, ta kuma ce ba a ga amfanin ruwan Adept a wannan ciwo ba. A bugun 2022 ma ta cire waɗannan kayayyaki gaba ɗaya daga jerin shawarwarinta. Dalili shi ne abin da masu tace bincike na Cochrane suka daɗe suna faɗa: an nuna wasu daga cikinsu suna rage yawan zaren da ake gani in aka sake leƙa ciki, amma ba a nuna suna rage ciwo ko suna ƙara samun haihuwa ba. Matar nan kuwa ciwo da haihuwa ne suka kawo ta.

Na ce masa, "Malam, in ka samo Interceed za mu sa, ba zai cutar da ita ba in an sa shi daidai. Amma kada ka ci bashi a kansa. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne yadda za a yi aikin, kuma wannan a wuyanmu yake." Ya samo ta hannun wani dillalin kayan asibiti a Legas, tun da ba abin da ake ajiyewa ba ne a kantin maganin asibitinmu.

Ita kuma tambayarta ɗaya ce, ta yi ta da murya ƙasa bayan mijin ya fita: ko za a cire mata gidan ƙwai. An yi mata bayani cewa niyya ita ce a bar duka biyun, kuma duk yankan da aka yi wa gidan ƙwai yana tafiya da wasu ƙwai masu kyau, shi ya sa ba za a taɓa na daman da yawa ba. An kuma sa likitan hanji ya kasance a kusa, an wanke mata hanji, ta sa hannu a kan cewa ana iya buɗe ciki in aka ji wa hanji rauni.

Abin da aka gani da abin da aka yi

Ta kyamara aka yi aikin, amma ba a shiga ta cibiya ba. Wadda aka taɓa buɗe wa ciki, hanji ko kitsen ciki na iya mannewa a ƙarƙashin cibiya, allurar farko ta huda shi. An shiga ta ƙasan haƙarƙarin hagu, wurin da likitan Faransa Raoul Palmer ya nuna tun tuni cewa ba kasafai ake samun mannewa ba. Da kyamara ta shiga sai ga kitsen ciki ya manne a tsawon tsohon yankan, ya rufe mara. Sai da aka raba shi aka ga ƙasa.

Gidan ƙwai na hagu ya manne da bangon ƙugu, da bayan mahaifa, da lanƙwasar babban hanji. Bututun ƙwai na hagu ya nannaɗe a cikin tabon, bakinsa ya lalace. Ramin da ke tsakanin mahaifa da ƙarshen hanji ya toshe gaba ɗaya. Mataki na huɗu ke nan, mafi tsanani a ma'aunin da likitocin haihuwa na Amurka suka tsara. Ana iya bambanta mannewa iri biyu a wurin: wadda ciwon ya haifar, mai kauri da launin tsatsa, da wadda tiyatar farko ta bari, fara mai tauri, a kewaye da wani ƙullin zare marar narkewa da aka ɗinke gidan ƙwan da shi shekara uku da suka wuce. Ƙullin yana nan daram, hanji ya zo ya kwanta a kansa.

Dokokin da aka bi tsofaffi ne, tun shekarun 1970 likitocin gyaran bututun ƙwai irin su Victor Gomel na Kanada suke koyar da su. Ba a kama abin da ba za a cire ba da ƙarfe mai haƙori. An raba mannewar da almakashi mai sanyi, ana bin layin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, ba a fizga. An fara gano bututun fitsarin da ke saukowa daga ƙoda kafin a taɓa bangon ƙugu. An bar matsin iskar da ake hura ciki da ita bai wuce 12 ba a ma'aunin na'ura, domin iskar busasshiya ce mai sanyi, tana busar da tantani in aikin ya yi tsawo, kuma ana ta yayyafa ruwan Ringer, irin wanda ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya, mai ɗumi a kan wurin. Safar hannu marar hoda aka sa; hodar safa tana haifar da mannewa, har Amurka ta haramta ta a asibitoci tun farkon 2017.

Inda na fi ba muhimmanci shi ne tsayar da jini. Jinin da aka bari a mara cike yake da fibirin. Amma hanya mafi sauƙi ta tsayar da shi, wato ƙonawa da lantarki, ita ma tana barin mataccen nama wanda ke jawo mannewa, a kan gidan ƙwai kuma tana kashe ƙwai. Likita mai sauri zai bi ramin da aka ɓare ƙullutu ya ƙone shi kaf har ya yi baƙi, ya ga babu jini, ya ji daɗi. A nan, bayan an ɓare jakar ƙullutun hagu, an wanke ramin, an nemi bakin kowace jijiya mai zubar da jini an taɓa ta sau ɗaya a taƙaice, sannan aka haɗa gidan ƙwan da siririn zare mai narkewa, aka binne ƙullin a ciki ta yadda babu zare a waje. Ƙullutun dama an tsiyaye shi, an ɗan ƙona fuskar cikinsa sama-sama, an bar sauran. Wannan yana da haɗarin dawowar ƙullutun fiye da ɓarewa, amma gefen nan ne mai lafiyayyen bututu, kuma a kansa begenta na haihuwa ya rataya. An raba ƙarshen hanji da bayan mahaifa, an kankare wani ƙullin ciwon da ke saman hanjin ba tare da an huda shi ba.

Daga nan aka wanke mara har ruwan ya fito fes, aka rage matsin iska aka jira, domin matsin kan danne ƙananan jijiyoyi su yi kamar sun tsaya. Aka tsotse ruwan tas, sannan aka naɗe Interceed aka tura ta bututu, aka lulluɓe gidan ƙwan hagu da shi. Ƙyallen fari-fari ne in an shimfiɗa shi. Sai wani gefensa ya fara rinewa, daga ja zuwa baƙi-baƙi. Wannan alama ce cewa akwai jini a ƙarƙashi, kuma Interceed da ya jiƙe da jini ba ya aiki, yana ma iya ƙara mannewar. Aka cire shi, aka samu ɗan wurin da ke tsattsafowa, aka ƙara ɗinki ɗaya, aka sa sabo. Wannan karon bai sauya launi ba.

An yi tunanin rataye gidan ƙwan a bangon ciki da zare na ɗan lokaci don kada ya koma ya kwanta a kan raunin. Wani gwaji da aka yi a Landan aka wallafa a 2014, inda aka rataye shi na sa'a 36 zuwa 48, bai nuna bambanci mai gamsarwa ba, ko da yake wasu likitoci a Italiya sun ga raguwa da tasu hanyar. Ba a yi mata ba. Da aka tura shuɗin ruwa ta bakin mahaifa don a ga ko bututun ƙwai a buɗe suke, ya fito ta bututun dama nan take, ta hagu kuwa da ƙyar ya ɗiga. Duk abin da aka cire an aika ɗakin gwaji, sakamako ya tabbatar da endometiriyosis.

Bayan tiyata

Ta tashi ta taka da yammar ranar, ta sha ruwa, washegari ta ci abinci. Tafiya da wuri tana tayar da hanji tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa, don haka ake matsa wa mai jinya a kanta, ko da ba wanda ya tabbatar cewa ita kaɗai tana hana mannewa. Mahaifiyarta ta tambaya yaushe za a fara gasa mata ciki da ruwan zafi. Na ce, "Mama, a bar gashin nan. Ba jego take yi ba, kuma zafin ba ya kaiwa inda aka yi aikin, sai dai ya ƙona fata ya jiƙa ɗinki." Haka batun tausar ciki da wasu ke tallatawa a intanet da sunan warware tabo, da ƙwayoyin da ake cewa suna narkar da shi: babu wata hujja mai ƙarfi a kansu. Magungunan rage kumburi da na sirka jini ma an gwada su a wannan fanni ba su ba da abin da aka zata ba.

Abin da aka nanata musu shi ne alamomin toshewar hanji, domin ita ce mafi haɗarin abin da mannewa ke haifarwa, kuma tana iya zuwa bayan mako ɗaya ko bayan shekara goma: murɗar ciki mai zuwa tana tafiya, kumburin ciki, amai, da ɗaukewar tusa da bayan gida. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba kemis ba.

Da ba ta neman haihuwa, da an ɗora ta a kan maganin da ke danne al'ada, kamar ƙwayar tazarar haihuwa ba tare da hutu ba, ko dayenojest, ko robar mahaifa mai sinadari, na akalla wata 18 zuwa 24 don hana ciwon dawowa. Mutane kan ɗauka waɗannan suna hana mannewa. Abin da suke yi shi ne hana sabon kumburi da sabon ƙullutu, wanda shi ke kai mace ga wata tiyatar. A wurinta sun zama ɓata lokaci. Ma'aunin da ke hasashen samun ciki bayan irin wannan tiyata ya ba ta maki 4 cikin 10, don haka aka ce su gwada na wata shida, in shiru a tafi dashen ƙwai, wato haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa.

A wata na uku ciwon mara ya ragu har tana zuwa makaranta a kwanakin al'ada, zafin bayan gida ya tafi. Sikanin ya nuna mahaifa tana zamewa a kan hanji, gidan ƙwan dama yana motsi. Na hagu kuwa ya sake kamawa da bangon ƙugu, duk da ɗinkin da aka binne da ƙyallen da aka sa. Ban yi mamaki ba: wurin da aka raba tsohuwar mannewa ya fi saurin sake mannewa fiye da wurin da aka taɓa karon farko, kuma wannan gefe tun a tiyatar farko aka yi asararsa. Wannan ne ya sa nake jin zafin yadda ake buɗe cikin 'yan mata a kan ƙullutu ba tare da an san mene ne ba, a rufe ba takarda.

A wata na bakwai ba ciki, jan gefen hagu ya ɗan dawo. Mijin ya tambaya ko za a sake shiga a yanke wanda ya manne. An ƙi. A wani gwaji da aka yi a Holan aka wallafa a 2003, an raba mutum 100 masu ciwon ciki da mannewa gida biyu, an yanke wa wasu zaren, wasu an leƙa kawai an fito, bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci a sauƙin da suka samu ba, waɗanda aka yanke wa ne ma suka gamu da matsaloli irin hujewar hanji. Shiga ta uku za ta ƙara cin ƙwan da ya rage mata, ta kuma bar sabon rauni.

An tura su cibiyar dashen ƙwai da cikakkiyar takardar tiyata da hotunan da aka ɗauka. A ciki an rubuta cewa gidan ƙwan hagu a manne yake amma allurar ɗibar ƙwai za ta iya kaiwa gare shi, cewa babban hanji yana kusa da shi ta sama, cewa a duba bututun hagu da sikanin kafin dashe ko ya tara ruwa, kuma in wata rana dole ta sa a sake shiga cikinta, a bi ta ƙasan haƙarƙarin hagu. An ba ta kwafi ta riƙe a hannunta.